Fim Mai Sunan Mutum: Yadda Ake Ƙulla Kacici-kacicin Sunan Yanka

A cikin wasannin kacici-kacici da masu son fina-finai ke yi, akwai wani rukuni mai ƙa'ida ɗaya tak: amsar kowace tambaya sunan fim ce, sunan fim ɗin kuma sunan yanka ne na wani da ke cikin labarin, ba tare da sunan mahaifi ko sarauta ko wata kalma a jikinsa ba. Mai tambaya yana riƙe sunan a ransa, ya riƙa sakin alamu ɗaya bayan ɗaya har wani ya canka. Yana iya cewa fim ɗin ya fito a 1976, labarinsa ya gudana a birnin Philadelphia na Amurka, wanda ya rubuta shi ne ya fito jarumi, jarumin kuma ɗan dambe ne da ke karɓo wa wani mai ba da rance bashi a unguwa. Duk wanda ya taɓa kallo zai ce Rocky tun mai tambaya bai rufe baki ba.

Wasan ya fi kafuwa a ƙasashen da ake jin Turanci, inda gasar tambayoyi ta daɗe da zama abin nishaɗi. Shirin talabijin na Jeopardy!, wanda Merv Griffin ya ƙirƙira a Amurka a 1964, ya saba wa jama'a da tara tambayoyi a ƙarƙashin take guda, ta yadda taken kansa ya zama rabin haske. A Birtaniya, gasar tambayoyi ta daren mako a mashaya ta bazu tun shekarun 1970. A 1979, a birnin Montreal na Kanada, Chris Haney da Scott Abbott suka ƙago wasan allo na Trivial Pursuit, ɗaya daga cikin rukunansa shida kuma na harkar nishaɗi ne. Da rumbun bayanan fina-finai na IMDb ya kafu a 1990 a hannun Col Needham, sai ƙananan labarai game da kowane fim suka taru wuri ɗaya, mai son ƙulla tambaya ya sami rijiyar da zai ja. Abin da ya raba wannan wasa da kacici-kacicin gargajiya na Hausa a fili yake. A can siffanta abu ake yi cikin hikima, mai kaifin tunani ya gano ko da bai taɓa jin tambayar ba. A nan kuwa sai mutum ya sani, ko ya tuna.

Sunan yanka ya dace da wasan saboda ba ya ɗauke da komai game da labarin. Idan amsa ita ce Titanic, da zarar an ambaci jirgin ruwa da ƙanƙara an gama. Amma Laura, Carol, Gloria, Sabrina, Arthur da Hugo ba sa nuna zamani ko ƙasa ko irin fim, don haka babu yadda za a yi a lalubo su da dabara kawai. Ga shi kuma suna da yawa ƙwarai, domin masu shirya fim sun daɗe da gane cewa kiran mutum da sunan yanka yana jawo shi kusa da mai kallo. Ana ganin haka sosai a fina-finan tarihin rayuwa. Idan ana son nuna mutum a matsayinsa na shugaba ko gwarzon tarihi, sunan dangi ake ɗauka: Patton a 1970, Gandhi a 1982, Lincoln a 2012, Oppenheimer a 2023. Idan kuwa cikin gidansa da ciwon ransa ake son shiga, sai a kira shi kamar yadda na kusa da shi ke kiransa: Frida a 2002, Ray a 2004, Jackie a 2016, Judy a 2019, Elvis a 2022. Ba doka ba ce, amma ɗabi'a ce da ta yi ƙarfi, kuma mai amsa da ya lura da ita ya rage wa kansa nisan tafiya.

Gardama ta farko a kowane zama kan ƙa'idar kanta take tashi. Rambo bai shiga ba ta fuska biyu: sunan dangin jarumin ne, sunansa na yanka John, sannan fim ɗin farko na 1982 sunansa First Blood. Ali, wanda Michael Mann ya ba da umarni a 2001 Will Smith ya fito a ciki, yana ruɗar mai kallo Bahaushe musamman, domin a wurinsa Ali sunan yanka ne tsantsa, alhali a fim ɗin shi ne suna na biyu na Muhammad Ali. Amadeus na 1984 sunan tsakiya ne na Mozart. Precious na 2009 ma haka, domin sunan yarinyar na farko Claireece. Mulan kuwa ya shiga sarai, duk da cewa shi ne ke zuwa a ƙarshe idan an faɗi cikakken sunanta, saboda a al'adar Sin sunan dangi ake gabatarwa. Akwai kuma batun laƙabi. Shi kansa Rocky asalin sunansa Robert, Gigi kuma taƙaitawa ce ta Gilberte. Akasarin masu wasan suna karɓar irin waɗannan, hujjarsu ita ce sunan da kowa ke kiran mutum da shi a cikin fim shi ne sunansa. Wannan hujja ce mai kyau, muddin an faɗe ta kafin a fara. Sarauta da muƙami kuwa ba sa shiga. Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na 1986 da aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987, sarautar jarumar fim ɗin, Mangu ta Lugu, ya ɗauka ba sunanta ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma yana waje, saboda kalmar Shaihu da ke gaban sunan.

Alamun da ake bayarwa ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi ita ce ta 'yan wasa: a ce Audrey Tautou, ko Sissy Spacek, ko Jamie Foxx, a bar sauran ga mai amsa. Wannan ba ta buƙatar fasaha, kuma ba ta gwada komai sai haddar sunaye. Sama da ita akwai ta kyaututtuka, wadda ke da daɗi saboda fina-finan sunan yanka da suka ci kyautar Oscar ta gwarzon fim ba su da yawa, ana iya riƙe su a ka: Rebecca na 1940, Marty na 1955, Gigi na 1958, Oliver! na 1968, Rocky na 1976, Anora na 2024, wasu kuma su ƙara da Hamlet na 1948. Kowannensu yana da abin da ya keɓanta da shi. Gigi ya lashe duka kyaututtuka 9 da aka tsayar da shi takara a kansu. Marty, labarin wani mahauci tuzuru da ke zaune da mahaifiyarsa a unguwar Bronx ta New York, ya faro ne a matsayin wasan talabijin na Paddy Chayefsky a 1953, kuma tsawonsa kimanin minti 90 ne, babu gwarzon fim da ya kai shi gajarta. Anora ya tashi da kyaututtuka 5, huɗu daga ciki a hannun mutum ɗaya, Sean Baker.

Sai alamun bayan fage, waɗanda su ne asalin abin da masu wasan ke fariya da shi. Game da Rocky kaɗai akwai su birjik: Sylvester Stallone ya ce damben Muhammad Ali da Chuck Wepner na watan Maris 1975 ne ya zaburar da shi, an kashe abin da ya kai kimanin dala miliyan 1 kawai, karen da ke cikin fim ɗin, Butkus, na Stallone ne a gaske, matakala 72 da jarumin ya haura da gudu ta gidan adana kayan fasaha na Philadelphia ce, kuma yana cikin fina-finan farko da aka yi aiki da Steadicam, na'urar Garrett Brown da ke hana kyamara girgiza idan mai ɗauka yana tafiya. Irin waɗannan alamu suna burgewa, amma suna da rauni guda: wanda bai taɓa kallon fim ba yana iya haddace su. Alamar da ta fi kowacce daraja ita ce wadda aka ciro daga cikin labarin, aka faɗe ta ta yadda sai wanda ya zauna ya kalla zai gane. A ce: yarinyar da ta shiga musabaƙar Alƙur'ani a makarantarsu don ta sami kuɗin sayen koren keke. Babu sunan ɗan wasa, babu shekara, amma duk wanda ya ga Wadjda ba zai yi shakka ba. In an so ƙari, sai a ce Haifaa al-Mansour ta ba da umarnin wasu fitowa daga cikin mota ta hanyar oba-oba a titunan Riyad, kuma shi ne cikakken fim na farko da aka ɗauka gaba ɗaya a Saudiyya, a 2012.

Babban aibin da ke kashe tambaya shi ne ta karɓi amsa biyu. Wanda ya ce fim ɗin Alfred Hitchcock mai sunan mace bai gama aikinsa ba, domin akwai Rebecca akwai kuma Marnie na 1964. Wanda ya ce fim daga littafin Stephen King mai farawa da harafin C ya jefa kansa cikin uku: Carrie na 1976, da Cujo da Christine, waɗanda duka biyun a 1983 suka fito, ta yadda ko shekara ba za ta raba su ba. Haka ma Luc Besson na Faransa, domin ya yi Nikita a 1990, Léon a 1994, Lucy a 2014, Anna a 2019. Tambayar da ta daɗe tana da amsa ɗaya ma tana iya lalacewa da zamani. Shekara da shekaru, fim mai sunan yanka da ya haɗa kyautar Palme d'Or ta bikin Cannes da ta gwarzon fim a Oscar shi ne Marty kaɗai. Tun daga Maris 2025 Anora ya zama na biyu. Akwai kuma akasin wannan matsala, inda suna ɗaya yake kan fina-finai daban. Bobby na 1973 shi ne na Raj Kapoor, wanda ya fito da Rishi Kapoor da Dimple Kapadia, Bobby na 2006 kuwa na Emilio Estevez ne, kan ranar da aka harbi Robert F. Kennedy a otal ɗin Ambassador a 1968. Devdas, daga littafin Sarat Chandra Chattopadhyay na 1917, an yi shi sau da dama: P. C. Barua a 1935, Bimal Roy da Dilip Kumar a 1955, Sanjay Leela Bhansali da Shah Rukh Khan a 2002. Wannan nau'in bai cika cutarwa ba tunda amsar ba ta canzawa, gwanin tambaya ma yakan mai da shi ado, ya ba da alama ɗaya daga kowane fim ya bar masu amsa su gano sunan da ya haɗa su.

Inda wasan ya fi zurfi shi ne inda masu fim suka saɓa wa abin da take ya sa mai kallo ya zata. Kowa yana ɗauka mai sunan shi ne jarumi, kuma sau da yawa haka ne, amma fina-finan da suka karya wannan zato su ne ke ba da tambayoyi mafi kyau. A Rebecca, wanda aka ɗauko daga littafin Daphne du Maurier na 1938, mai sunan ta rasu tun kafin labari ya fara, ba a taɓa nuna fuskarta ba, amma harafin sunanta yana kan kayan gidan Manderley ko'ina. Amaryar da ta gaje ta, wadda Joan Fontaine ta fito a matsayinta kuma labarin ke bin ta daga farko har ƙarshe, ba a taɓa faɗin sunanta na yanka ba ko sau ɗaya. Alama guda ta isa: matar da ba a gani tana da suna, wadda ake gani ba ta da shi. Wanda ya fahimci wannan alama ya fahimci fim ɗin kansa, domin duk labarin kan yadda matacciya ta danne mai rai yake.

Coco na kamfanin Pixar, na 2017, yana bin yaro ne mai suna Miguel a bikin tunawa da matattu na Meziko, amma taken na kakar mahaifinsa ce, tsohuwar da ke zaune a kujera ba ta cika magana ba, wadda tunaninta ya fara gushewa. Sai a ƙarshe mai kallo yake gane dalilin da ya sa sunanta ne a kan fim ɗin. Ghajini na Aamir Khan, na 2008, wanda masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, sunan bos ya ɗauka. Jarumin sunansa Sanjay, mutumin da ba ya iya riƙe abu a ka fiye da minti 15, shi ya sa ya rubuta sunan maƙiyinsa a jikinsa. A Osama na Siddiq Barmak, na 2003, mai sunan yarinya ce a Afganistan ta zamanin Taliban, wadda aka yi wa aski aka sa mata kayan maza don ta nemo wa gidansu abinci, sunan kuma na ɓuya ne da wani yaro ya laƙaba mata.

Wani lokaci mai sunan ma ba ɗan Adam ba ne. Harvey na 1950 zomo ne da tsawonsa ya haura ƙafa 6, abokin James Stewart da jama'a ba sa gani. Christine mota ce ƙirar Plymouth Fury ta 1958. Cujo kare ne da ya kamu da ciwon hauka. Ben na 1972 ɓera ne, waƙar fim ɗin kuwa ita ce ta farko da Michael Jackson ya kai matsayi na ɗaya da ita a Amurka shi kaɗai ba tare da 'yan'uwansa ba, yana ɗan shekara 14. A nan adalci ya wajaba a kan mai tambaya. Yana da damar ya ɓoye cewa mai sunan dabba ce ko mota, amma ba shi da damar ya ce mutum ne. Ɓoyewa wasa ce, faɗin abin da ba haka ba kuwa yaudara. Akwai kuma sunayen da ba su yi kama da suna ba. Yesterday na Afirka ta Kudu, wanda Darrell Roodt ya yi da harshen Zulu a 2004 har aka tsayar da shi takarar Oscar, sunan matar da Leleti Khumalo ta fito a matsayinta ne. Ita dai Khumalo ce ta fito a Sarafina! na 1992, kan ɗaliban Soweto da suka yi wa mulkin wariyar launin fata bore, don haka sunanta kaɗai ba ya isa alama.

Sunan fim yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan ma yana jawo saɓani. Abin da duniya ta sani da Amélie, a Faransa sunansa dogo ne, Le Fabuleux Destin d'Amélie Poulain, wanda ya fita daga ƙa'ida gaba ɗaya. Léon a Amurka an sake shi da sunan The Professional. Moana na 2016 ya zama Vaiana a ƙasashen Turai da dama, a Italiya kuma Oceania, shi kuwa Coco a Brazil an kira shi Viva. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa a Kano su ma sukan raɗa wa fim sabon suna, ta yadda mutum zai iya sanin labari ciki da bai amma bai taɓa jin sunansa na asali ba. Maganin abin shi ne a tsayar tun farko cewa sunan wace kasuwa ake bi.

Daga nan ne batun masu sauraro yake shigowa. Jerin tambayoyin da aka gina kacokan kan Hollywood ta shekarun 1940 da 1950 gwajin tsofaffin fina-finan Amurka ne kawai, kuma zai bar yawancin mutanen duniya zuru. Alhali ɗabi'ar sa wa fim sunan yanka ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. Indiya tana da Anand na 1971, inda Rajesh Khanna ya fito mai ciwon ajali Amitabh Bachchan kuma likitansa, da Chandni na Sridevi a 1989, da Neerja na 2016, kan ma'aikaciyar jirgin Pan Am da ta rasa ranta tana kare fasinjoji lokacin da aka yi fashin jirgin a Karachi a watan Satumba 1986. Tana kuma da nata salon na jera sunaye biyu ko uku, irin su Seeta Aur Geeta, Karan Arjun da Amar Akbar Anthony, wanda ya cancanci rukuni na kansa. A Nijeriya akwai Amina na Izu Ojukwu, na 2021, kan sarauniyar Zazzau. A Kannywood akwai Wasila, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 2000, da Mansoor na Ali Nuhu a 2017, wanda Umar M. Shareef da Maryam Yahaya suka ja. Mai tambaya da ya san mutanensa yakan gauraya, ya sa kowa ya sami inda zai yi fice da inda zai koya.

Jerin alamu yana da tsari da aka saba. Ana farawa da mai wuya, a ƙare da mai sauƙi, maki kuma yana raguwa da kowace alama da aka ƙara. Ga Carrie, alal misali, ana iya farawa da cewa John Travolta ya fito a ƙaramin matsayi, a biyo da cewa uwa da 'ya na cikin fim ɗin duka an tsayar da su takarar Oscar, sannan a ce daga littafin farko da marubucin ya wallafa, a 1974, aka ɗauko shi, a rufe da bokitin jini a daren bikin makaranta. Alamar farko tana saka wa mai zurfin sani, ta ƙarshe tana tabbatar da cewa ba a tashi babu amsa ba. Abin da gwanaye ke gudu shi ne tona ƙarshen labari. Laura na Otto Preminger, na 1944, ana iya siffanta shi da cewa ɗan sandan da ke binciken kisan wata mata ya kamu da son hotonta da ke rataye a bango. Nan ya kamata a tsaya, domin abin da ya biyo baya haƙƙin wanda bai kalla ba ne.

Shekara tana buƙatar kula ta musamman. Ana ba da kyautar Oscar ne a farkon shekarar da ke bin fitowar fim, don haka Rocky fim ɗin 1976 ne amma a 1977 ya karɓi kyaututtukansa 3, kuma tambayar da ba ta fayyace wanne take nufi ba tana iya kayar da wanda ya fi kowa sani. Haka nan ba duk labarin bayan fage ne tabbatacce ba. Rumbuna irin IMDb jama'a ne ke zuba musu bayanai, wasu labaran kuma daga bakin 'yan wasa ko masu tallar fim suka fito, aka yi ta maimaita su har suka zauna. Maganar cewa Stallone ya rubuta daftarin farko na Rocky cikin kwana uku da rabi daga bakinsa ta fito, don haka daidai shi ne a ce in ji shi. Abin da ake iya dubawa a cikin fim ɗin kansa, ko a jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshensa, ko a kundin masu ba da kyauta, shi ake gina tambaya a kai, kuma idan gardama ta tashi a wurin wasa, can ake komawa a raba ta.